Faifai Na Ashirin da Ɗaya

Yau azumi goma sha ɗaya, esin ɗakinmu kuma ya fara wannan tarin nasa, yana ɗiga cikin bokiti ɗis, ɗis. Na dawo daga sito bayan azahar na baje a ƙasa, ina ɗaga kai sai ga kwalin faifan Baba Kanada a saman kwaba yana kallona. Barci ya ƙi zuwa. Issufu kuma ya rantse in na ƙara yi masa magana kafin a sha ruwa, zai raba ni biyu yadda yake raba motoci. Shi ya sa na ɗauko waya na ce bari in zuba surutun a nan.

Sunana Nafi'u, ɗan Kurna, amma a Ras Al Khor in ka ce Nafi'u ba wanda zai gane. Ka ce Rediyo. Ni da makaranta mun rabu a aji uku na sakandare, ba faɗa, ta gaji da ni na gaji da ita. A 2016 kawuna ya samo min biza, na sauka Dubai saura kwana tara a ɗauki azumi. Aikinmu motocin da suka yi haɗari a Amurka da Kanada. Arbab, wato mai gidanmu, ya sayo su, Issufu ɗan Maraɗi ya yanka, mu kwance inji da giyabos mu cusa a kwantena, wata uku sai ka gan su a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ana rantsuwa a kan ingancinsu. Ɗaki ɗaya aka ba mu a bayan sito, mu uku: ni, Issufu, da dattijon da ke riƙe da makullin sito, Malam Isyaku ɗan Funtua, wanda kowa ke kira Baba Kanada.

Azumin shekarar a watan Yuni ya faɗo. Ni da nake taƙamar na san zafi, ashe wasa na sani. Zafin Kano yana da kunya, da yamma yana ja da baya. Na nan ba ruwansa. Iskar kamar an tsoma bargo a ruwan zafi an lulluɓa maka, ga warin gishirin bakin ruwa ya haɗu da na baƙin mai. Sifana in ka manta ta a rana minti goma, sai ka sa tsumma za ka ɗauka. Muna fita bayan asuba, mu tashi wajen ƙarfe ɗaya, harshe ya zama kamar soson wanka. Mu yi wanka da ruwan famfo da ya kusa dafa ƙwai, mu zube.

Ranar farko, ana idar da la'asar, na ga dattijon nan ya buɗe kwali, ya zaro faifai mai lamba ɗaya a jiki, ya hura shi, ya goge da bakin riga, ya sa a na'ura. Sai ga wasu ƙarti da hular kwano, kafaɗu kamar an cusa musu filo, suna karo da juna kamar raguna.

Na ce, "Baba, wannan dambe ne ko kokawa?"

"Ƙwallon ƙafa ne."

"To ina ƙafar? Kowa hannu yake sawa. Shi kuma ƙwallon wa ya zauna a kansa ya zama gwanda?"

"Zauna, jahili. In ba ka san abu ba ka rufe baki ka buɗe ido."

Issufu daga kan gadonsa ya ce, "Bon, Baba, ka haɗu da naka bana."

Na zauna, don babu wani abin yi, kuma yunwa tana son abokin hira. A hankali ya koya min. Mutum goma sha biyu kowane ɓangare. Sau uku za a ba ku ku ci yadi goma, in kun kasa ku miƙa ƙwallo. Ya ce Amurkawa sau huɗu suke gwadawa a ɗan ƙaramin filinsu, ragwanci ke nan. "Mu sau uku. Babu lokacin shawara, ka jefa ko ka bayar." Shi fa "mu" yake cewa, mutumin Funtua. Har da wata doka wai in ka buga ƙwallo ka ɓarar, amma ya shige can ƙurya suka kasa fito da shi, sai a ba ka maki ɗaya. Na ce wannan ai makin sannu da ƙoƙari ne, irin wanda malamin lissafi yake ba ni.

Labarin yadda aka yi ya zama ɗan Kanada kuwa, a masallaci na ji shi, muna zaune a kan ledar buɗa-baki, ga shinkafar biryani ga laban, nononsu na nan, a gabanmu muna jiran ladan. Yana saurayi gwamnati ta tura su koyon aikin injina a wani gari a tsakiyar ƙasar, inda ya ce in ka tofa yawu da sanyi kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Amma azuminsa na farko a can da bazara ya zo, rana ta ƙi faɗuwa sai wajen goma saura. Ya ce ranar ta shida ya zauna a ɗaki yana hawaye, ba ladan, ba kunu, ba wanda ya san ma yana azumi. Abokin ɗakinsa, wani Bature da ya sa wa suna Dogo, ya ja shi filin wasa don ya rage masa lokaci. Dogo ya sa lemo biyu da dafaffen dankali a aljihun kwat, shi ma ya ƙi cin komai, yana kallon wasa yana kallon rana. Da ta faɗi ya zungure shi ya miƙo masa lemo. A nan cikin ihun mutane ya sha ruwa.

"Tun ranar," in ji Baba, "ni wasan nan da azumi nake ganewa. In na ƙoshi ba ya min daɗi."

Da ya dawo gida ya yi aiki a masaƙa a Kaduna har ta rufe ya taho Dubai, Dogo bai fasa ba. Duk shekara sai ya naɗe masa wasannin ƙungiyarsu, masu shuɗiyar riga, ya aiko. Da kaset ne ta gidan waya, yanzu faifai ne a but ɗin ɗaya daga cikin motocin arbab. Kwalin kan iso wajen Janairu, Baba ya ɗora shi a saman kwaba, ba zai taɓa ba sai an ga wata. Wayarsa rakani-kashi ce, 'yar ƙarama mara intanet, kuma duk Dubai ba mai zancen wasan, don haka wata shida bayan an gama komai shi bai san wa ya ci ba. Kullum faifai ɗaya, daga la'asar zuwa dab da magariba.

Kuma kullum faifan ashirin da ɗaya ne, ko da me aka yi. Sha takwas na wasannin kaka. Ukun ƙarshe kowanne a cikin ambulan a liƙe, don su ne na zagayen kofi, kuma Dogo ba ya so yawan faifai ya tona asiri. In an fitar da ƙungiyar, sai ya cike gurbin da tsofaffin wasanni na da. Baba yana ce musu faifan ta'aziyya. Ka yage ambulan, ka sa, in ka ga hoto garau to ana nan da rai. In ka ga dishi-dishi ko baƙi da fari, sai a ce Allah ya ba da haƙuri.

A shekarata ta farko ukun duka ta'aziyya ne. Amma gaskiya su na fi so, don a nan bakin Baba yake buɗewa. Ga ƙanƙara tana zuba a talabijin, mu gumi yana bin bayanmu, sai ka ji kamar maƙogwaro ya ɗan jiƙe. Ya nuna min wani koci mai doguwar kwat da yake kira Mai Kwat, ya ce bai taɓa ganin haƙoransa ba, ko an ci ko an sha kashi fuska ɗaya, kuma ya hana yaransa hura wuta a gefen fili don kada su saba da daɗi. Da wani gajere mai gudu da ƙwallo, Ɓera, wanda ya ce malamin firamare ne, da safe yana aji da yamma ƙarti suna danne shi. Ya ce 'yan wasan da duk haka suke, kowa da sana'arsa, kana iya haɗuwa da mai jifan ƙungiya a layin burodi. Akwai wasan da fili ya zama taɓo har ba ka gane rigar kowa, akwai wanda ya daskare kamar tangaran, wasu masu wayo suka buga ƙananan ƙusoshi a tafin takalmi suka dinga wuce mutane suna sulɓewa.

Na ce, "To Baba, duk wannan tarihi, yaushe rabonku da kofi?"

Ya ce, "Ba a haife ka ba."

Ai kuwa ya ba ni abin yi. Daga ranar na sa musu suna 'Yan Ta'aziyya. In mai jifansu ya jefa wa abokin gaba, in tashi in yi masa gaisuwa hannu biyu. In ce Baba ko dai a kai su dam ɗin Hatta, can bayan gari, a wanke musu rashin sa'a. Ya ce min ja'iri, ya jefe ni da hula, a yi dariya, ladan ya kira.

Azumin 2017 na yi ɓarna. Na yi sabuwar waya, hannu yana ƙaiƙayi. Ranar faifai na sha tara, ya yage ambulan, hoto ya fito garau, dattijo ya gyara zama har da cewa bismillah. Ni kuwa na riga na duba sakamako a waya tun da safe. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Baba, kada ka ɓata ƙarfinka, gobe ta'aziyya ce" ba.

Bai zage ni ba. Ya miƙa hannu ya kashe na'ura, ya mayar da faifan cikin ambulan, ya ɗauki carbi ya fita. Kwana goma sha ɗaya bai ce min ci kanka ba. A masallaci sai ya koma wata ledar cikin 'yan Bangaladash. Issufu ya ce, "Kai dai Rediyo ba ka da batir ɗin hankali. Mutum wata shida yana ajiye abu, ka zo ka zubar masa a minti guda." Sai ranar Sallah bayan idi na durƙusa na ce ya yafe min. Ya ce, "Na yafe. Amma ka sani, Dogo shekara talatin da wani abu bai taɓa kuskure ba, kuma shi ko azumin ba ya yi." Na rantse ba zan ƙara dubawa ba. Shekara biyu na riƙe rantsuwar, muka sha ta'aziyyarmu tare.

Sai 2020.

Kwali ya iso lafiya a but ɗin wata jif da gabanta ya lotse. Kafin azumi korona ta rufe gari. Aka kulle sito, aka kulle masallatai, ko kantin bakin titi sai ka nemi izini a waya. Titin da tirela ba ta barin ka tsallaka ya zama fayau, har kukan tsuntsayen bakin ruwa muke ji daga ɗaki, abin da ban taɓa sanin suna yi ba. Arbab ya ce albashi shwayya shwayya, wato a hankali, inshallah, kuma duk wanda ya zauna a nan ya san inshallah ɗin arbab. Babu ledar masallaci, babu biryani har ka ture. Akwai wata mota da ke kawo abincin sadaka a 'yan kwalaye, wata rana ta iso layinmu, wata rana ta ƙare a layin gaba. Muna da rabin buhun shinkafa, da man gyaɗa, da albasa, da yajin da matar Issufu ta aiko. Sahur shinkafa da mai da yaji. Buɗa-baki dabino uku-uku, sai shinkafa da yaji da mai. Issufu ya ce ai an canza, tunda an juya jerin.

Zafin bai kai na shekarar farko ba, amma zaman ya fi shi ciwo. Mutum uku, ɗaki ɗaya, ba fita. Abin da ya raba mana yini biyu shi ne faifan Baba. Har Issufu da ke cewa wasan mahaukata ne ya dawo yana tambaya saura yadi nawa.

Yaran ƙungiyar Baba suka fara da kyau, sannan babban mai jifansu ya ji rauni, suka fara tangal-tangal. Ina ta aikina: "Baba, a fara dafa shayin zaman makoki?" Ranar azumi goma sha biyu da hantsi, zaman banza ya yi min yawa, Shaiɗan kuma an ce a ɗaure yake, don haka wannan ni ne da kaina. Na shiga banɗaki na duba.

Sun ci kofi.

Na karanta sau uku. Na ga hoton ƙarti suna kuka da kofi a sama. Na zauna a kan bokiti, zuciyata tana bugawa kamar ni na buga wasan. Kusan shekara talatin dattijon nan yana yage ambulan yana ganin dishi-dishi, ga shi abin yana saman kwaba, kwana tara tsakaninsa da shi. Na fito na wanke fuska, na ce Nafi'u, ko za ka mutu ba za ka faɗa ba.

Ban san riƙe magana aiki ba ne sai lokacin. Yunwa ba komai ba ce. Abin yana taso min har maƙoshi, in haɗiye. Don kada ya kuɓuce sai na rage magana gaba ɗaya. A jefa wa abokin gaba, in yi shiru. Baba ya dafe kai ya ce yaran nan za su kashe shi, in ce, "Allah ya kyauta." Issufu kaɗai na faɗa wa, a bakin tanki, shi ma sai da na sa ya rantse.

Ranar sha bakwai Baba ya fara tari. Ya ce esi ne. Ranar sha takwas ya bar dabinonsa biyu, ya ce ba ya jin ɗanɗanon komai. Ranar sha tara jikinsa kamar murfin tukunya, muka ce ya ajiye azumi, ya ce sai ya ga ambulan. Ya yage, ya sa. Hoto garau. Ana wasa cikin sanyi, numfashin mutane yana fita kamar hayaƙi, shi yana ƙudundune a bargo a Dubai. Suka ci. Ya ce, "Alhamdulillahi. Gobe ma garau ne." Washegari da hantsi ya kasa kaiwa banɗaki ba tare da ya tsaya sau biyu ba. Issufu ya kira motar asibiti.

Suka zo cikin fararen kaya kamar masu zuwa wata. Suna ɗora shi ya riƙo hannun rigata ya ce, "Kada wanda ya taɓa min ambulan." Aka rufe ƙofa. Mu kuma aka ce kada mu fito kwana goma sha huɗu, aka dinga ajiye mana abinci a bakin ƙofa.

La'asar ta zama abin tsoro. A idar da salla, mu zauna, na'ura a kashe, ambulan biyu a saman kwaba. Yana kiran mu kullum a 'yar wayarsa, kullum muryar tana ƙara nisa. Ranar ashirin da shida ya kira bayan la'asar. Kalma biyu, ya huta, kalma biyu, ya huta, ana jin iskar roba tana shuu a bayansa.

"Rediyo."

"Na'am, Baba. Ya jikin?"

"Ka duba, ko?"

Na kalli Issufu. Na ce, "Na duba, Baba."

"Na sani. Ɗan nema." Ya yi tari mai tsawo. "To faɗa min."

Issufu ya matso yana min alama da hannu biyu, yana raɗa: "Gaya mishi! Wallahi gaya mishi, ba ka ji muryarshi ba?" Kwana goma sha huɗu maganar tana cina, ga mai ita da kansa ya ce in faɗa. Kalma biyu ce. Na buɗe baki, sai na tuna shi a ledar 'yan Bangaladash ya juya min baya.

Na ce, "Ba zan faɗa ba."

"Ni na ce ka faɗa."

"Baba, gidan rediyon ya rufe, korona. In kana so ka sani ka taso ka zo ka yage abinka. Ni ba ɗan aikenka ba ne."

Sai wani sauti da ban gane ba ko tari ne ko dariya. Ya ce, "Ja'iri," ya kashe.

Issufu bai taɓa zagina da gaske ba sai ranar. Ya ce, "In mutumin nan ya tafi bai sani ba, kai da Allah. Abu guda da zai faranta mishi rai a duniya, ka hana shi don taurin kai." Na ce ai sai ya kira ya faɗa da kansa. Ya ɗauki waya, ya riƙe, ya ajiye. Ya ce ya yi rantsuwa.

Washegari muka kira, waya a kashe. Jibi a kashe. Muka kira asibiti, aka ce an mayar da shi wani sashe, ba a ba da bayani sai ga dangi. Na ce ni jikansa ne, matar ta ce sunana ba ya cikin takarda. Ban taɓa yin kwanaki irin waɗannan ba. Na rubuta masa saƙo, "Sun ci," na goge. Na sake rubutawa, na goge, ya fi sau goma. Muka yi idi mu biyu a tsakanin gadaje, Issufu liman, ni mamu, muka ci shinkafa da kazar sadaka ba mai kallon wani.

Kwana huɗu bayan Sallah rakani-kashi ta kira. Ya ce, "Kun taɓa min ambulan?"

Sai da ya ƙara kwana goma sha biyu kafin a sallamo shi. Ya dawo rigarsa tana masa yawa, yana tafiya yana dafa bango. Na sauko da kwali tun bai zauna ba. Ya ce a'a. Likita ya hana shi azumi, shi kuma ba ya kallo da cikakken ciki, sai dai a jira baɗi.

Na ce, "Baɗi? Baba, ni ba zan kai baɗi da wannan abu a cikina ba, fashewa zan yi."

"To sai dai in wani a ɗakin yana azumi, in raɓa da shi."

Ni da ban taɓa yin Sitta Shawwal ba a rayuwata, ni da nake cewa talatin ma an yi ƙoƙari, washegari na tashi sahur. Issufu ya yi dariya har ya ƙware, sannan shi ma ya ɗauka.

Faifai na ashirin ya kusa mayar da shi asibiti. Ana saura daƙiƙu, abokan gaba sun zo bakin gida, mai jifansu ya saki ƙwallo, mutuminsu yana jira hannu a buɗe, sai ƙwallon ya bugi ƙarfen gola ya faɗo. Baba ya ce, "Ƙarfe! Ƙarfe ya tare!" yana tari yana dukan katifa. Washegari bayan la'asar ya ɗauki na ashirin da ɗaya. Ya daɗe yana juya ambulan ɗin. Ya yage a hankali ta gefe, ya hura, ya goge da bakin riga.

Hoto garau.

Ban kalli wasan sosai ba, shi na kalla. Bai yi ihu ba ko sau ɗaya. Ya zauna kamar Mai Kwat, hannu a gwiwa. Da aka tashi, ƙarti suka ɗaga kofi, sai ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna motsi. Muka ba shi lokaci. Da ladan ya kira a lasifika yana cewa kowa ya yi salla a gida, ya sauke hular, ya ɗauki dabino ya miƙo min da hannunsa.

Na ce, "Baba, ka ga dai na riƙe. A rubuta a tarihi."

"Ka riƙe me? Ai tun azumi goma sha biyu na san sun ci."

Dabino ya tsaya min a baki. Na juya kan Issufu, ya ɗaga hannu ya ce wallahi ba shi ba ne.

Baba ya ce, "Ba wanda ya faɗa min. Shekara huɗu kana ce musu 'Yan Ta'aziyya. Rana ɗaya ka fito daga banɗaki ka zama salihi, a jefar da ƙwallo ka ce Allah ya kyauta. Da sun faɗi ai da ka fi kowa murna. Shirunka ya fi bakinka surutu."

"To don me ka tambaye ni a waya? Ka san abin da ka sa ni ciki kuwa?"

Ya kurɓi ruwa. Ya ce, "A can ba mai gaya maka gaskiya. Kowa fuska a rufe, kowa inshallah. Na ɗauka ko sun kira ku sun ce ku fitar da rai. Na ce bari in gwada yaron nan. In ya faɗa min, to sallama yake yi da ni, in gyara kwanciya. Da ka ce in taso in zo, na ce ashe ana jirana." Ya mayar da hula kansa. "Sai na ci abincinsu ranar. Ba daɗi, amma na ci."

Issufu ya ce a rubuta wannan ma a tarihi.

Sito bai dawo daidai ba, arbab ya rage mutane, aka fara da masu furfura. Kafin Babbar Sallah Baba ya hau jirgin da ke kwashe mutane zuwa gida. Ya bar min na'ura da kwali, ya zare faifai ɗaya ya sa a aljihun gaba. Bana kwali bai zo ba, don bara ko wasa ɗaya ba a buga a Kanada ba, korona ta cinye kakar. Masallatai sun buɗe amma ledar buɗa-baki ba ta dawo ba tukuna, gadon Baba kuma wani ɗan Gana ne a kai, yana mana kallon mahaukata. Ni da Issufu muka fara daga lamba ɗaya, kullum bayan la'asar, kuma na ci gaba da ce musu 'Yan Ta'aziyya don kada su saba da daɗi.

Jiya na kira Funtua. Yana zaune a ƙofar gida, ina jin awaki. Na ce, "Baba, mun kai na goma. Amma akwai matsala, kwalin ashirin ne. In mun kai ƙarshe ya za mu yi? Ka dai faɗa min, yaran nan sun ci kofin kuwa?"

Ya ce, "Gidan rediyon ya rufe. In kana so ka sani, ka taso ka zo."